Faifai na Uku da Almakashin Yaya Sale

Ku 'ya'yana, na san labarin da kuka tashi da shi a kaina, don an ba da shi a gabana ma, ana ta dariya, ranar sunan ɗan autan ɗan'uwanku Abdullahi. Wai ubanku, malamin nahawu mai farin gilashi, ya taɓa sace fim ɗin soyayya ya ɓoye a makaranta, ya ɓata bikin mutane, ya karya sana'ar ɗan'uwansa. Mai ba da labarin har ya ƙara gishiri, ya ce akwai 'yan rawa a ciki. Babu 'yar rawa ko ɗaya. Da akwai, da ba a yi rigima ba, domin Yaya Sale bai taɓa ƙin rawa ba sai in an gaya masa akwai matar liman a cikin baƙi. Sauran maganar gaskiya ce: na ɗauka, na ɓoye, biki ya ɓaci. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, kuma shi zan rubuta tun hannuna yana riƙe alƙalami.

A wancan zamanin babu gidan sinima a Makka, amma majigi yana shiga gidaje ta ƙofar biki. Yayana Sale, wanda muke zaune da shi da mahaifiyarmu Inna a gidanmu na unguwar Hindawiyya, yana da injin majigi. Yakan ɗauko fina-finan Masar daga Jidda a cikin gwangwanayen ƙarfe masu faɗin faranti, a bayan tasi. Idan ana biki, sai a kafa farin zanin gado a bangon tsakar gida, mata su zauna a kan tabarmi, shi kuma a saka shi bayan labule da injinsa don kada ya ga kowa. Kayan aikinsa uku ne: injin, almakashi, da 'yar kwalbar gam. Duk fim ɗin da ya shigo hannunsa sai ya fara kallo shi kaɗai, ya yanke abin da zai sa wata tsohuwa ta yi salati. Na haya yakan rataye guntayensu a ƙusa ya mayar kafin ya kai Jidda. Nasa na kansa kuwa, abin da ya fita ya fita.

Cikin nasa na kansa akwai wani tsohon fim baƙi da fari, faifai uku, wanda wani dillali ya ba shi gyara don ba mai nemansa. A gida muna ce masa fim ɗin tasha. An yi shi ne a shekarun da fim ya fara magana, kuma duk wanda ya ga na wancan lokaci ya san halinsu. Sun sami makirufo, sai suka hana kowa rufe baki. A ɓoye shi a cikin tukunyar fure, ka ga saurayi da budurwa da uban budurwa da mai kawo shayi duk sun taru a kan tukunya ɗaya suna ihu, kamar furen ne kurma. Mutumin da ya shirya fim ɗin tasha ba haka yake ba. Daga zamanin fim marar magana ya fito, ya riga ya san abin da kafaɗar mutum take iya faɗa, don haka da aka ba shi sauti bai ɓata shi a kan surutu ba. Ya ajiye shi don abin da ido ba ya gani. Labarin wata yarinya ce tela, da wani saurayi. Ba ta taɓa cewa tana son saurayin ba, ko sau ɗaya. Kai dai kana jin keken ɗinkinta yana gudu, sai ka ji takun takalminsa a lungu, sai keken ya tsaya. Ya wuce, keken ya tashi. Na koyar da ilimin balaga, wato fasahar zance, shekaru masu yawa, ban sami misalin da ya kai wannan ba.

A faifai na uku an tura saurayin aiki can kudu, ita kuma ta ƙi barin uwarta. Ta raka shi tasha. Wani darakta zai nuna maka fuskarsa a taga, da hankici, da hawaye, da goge yana kuka. Wannan ya dasa kyamararsa a bayan yarinyar, bai motsa ta ba. Jirgi ya yi usur. Kana jin ƙafafunsa a kan dogo suna nisa, suna nisa, har su ɓace. Daga nan babu komai. Babu kiɗa, babu magana. Mace ce kawai a tsaye ta ba ka baya, ya bar ta haka har sai kai mai kallo ka fara jin nauyin numfashinka. Can sai ta sunkuya ta gyara takalmin da babu abin da ya same shi, ta tafi. Sannan ya kai ka ɗakinta, keke yana gudu, wani ya wuce a lungu, keken bai tsaya ba. Fim ya ƙare.

A wajen biki wannan shirun masifa ne. Da ya ɗan jima sai mata su fara:

"Ya Sale, sauti! Makina ta mutu!"

Yara su yi ta jifan zanin da ɓawon 'ya'yan kankana, shi kuma yana bayan labule yana gumi yana rantsuwa cewa haka aka yi shi. Inna kaɗai ce ba ta taɓa tambayar sauti ba. Larabcinta na kasuwa ne da na salla, na Masar kuwa sai dai ta ji kamar ana tauna ƙashi. Amma duk shekara, in alhazai sun watse gari ya yi sakayau, sai ta ce, "Sale, a kafa mini tashar nan." Faifai biyun farko tana gyaran zogale tana hira. Da an saka na uku sai ta ture faranti. Ba ta taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, don ba irin uwar da ake yi wa tambaya ba ce.

A shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta rufe idanun Inna gaba ɗaya, sai dai ta bambance dare da rana. A shekarar ne kuma wani babban gida a unguwar Jarwal, masu hidimar alhazai, suka ɗauki Yaya Sale don bikin 'yarsu. Uwar amarya ta ce tana son tsohon fim irin na iyayensu, amma ban da mai sa barci. Yaya ya zaɓi fim ɗin tasha. Ranar bikin da safe muna karyawa da wake da gurasa, Yaya ya faɗa kamar mai zancen canza fitila.

"Wurin nan da ba a magana, yau zan fid da shi. Halas, shi ke nan, na gaji da jifa."

Na ce, "Ka fitar, bayan biki ka mayar?"

"In mayar don wa? Nawa ne, ba na haya ba."

"Don Inna."

Ya ajiye gurasarsa ya dube ni.

"Ya Ustaz, ka fi ni karatu, to warware mini. Inna ba ta gani, me za ta kalla? Ba a magana a wurin, me za ta ji? Makauniya za ta saurari abin da babu sauti. A wane littafi aka rubuta wannan?"

Matarsa Rabi ta yi dariya a cikin mayafi. Abin da na sani kawai shi ne ba a tambayi Inna ba, tana ɗaki tana jan carbi, kuma kafin gobe abin da take jira duk shekara zai zama shara. Na kuma san al'adar Yaya: faifan ƙarshe a can wajen bikin yake yanke shi, bayan labule, lokacin da na farko yake juyawa, don ya san wurin kamar tafin hannunsa. Da ya fita neman tasi, sai na buɗe gwangwani na uku, na zare faifan, na saka shi a jakata tsakanin littattafan yara. Don kada ya ji gwangwanin ya yi sauƙi, na saka masa wani faifai da ya zo tare da injin tun ranar da ya saya, na wayar da kai a kan kashe sauro da rufe randa.

Abin da ya faru a Jarwal daga bakin Rabi na ji shi, tana faɗa tana kuka, wani wurin kuma kukan yana ƙwace mata ya zama dariya. Yaya ya gano tun faifan farko bai kai rabi ba, amma babu hanyar fita, mata sun cika tsakar gida har bakin ƙofa. Faifai na biyu ya ƙare daidai inda saurayi ya gaya wa yarinya an tura shi kudu. Aka jira. Tsofaffi suka fara tambaya, "Ya tafi ko bai tafi ba? Ta bi shi?" Maimakon ya ce injin ya lalace, kamar yadda duk mai hankali zai yi, sai ruɗewa ta sa ya ɗora abin da ke hannunsa. Sauro ya bayyana a bango, girmansa kamar akuya. Uwar amarya ta miƙe ta ce a gaban kowa:

"Sauro? A bikin 'yata? Ku fitar mini da wannan mutumin da tarkacensa!"

Daga ranar manyan gidajen Jarwal suka daina kiransa. Wannan gaskiya ne, ban ɓoye ba. Amma ku lura, ni faifai na ɗauka. Shi ya zaɓi ya nuna sauron.

Gidanmu ya zama abin kallo. Ni ina da ƙarshen fim babu inji, shi yana da inji babu ƙarshen fim. Muna cin abinci a faranti ɗaya ba ma magana, sai dai ya ce wa Rabi, "Gaya wa ɓarawon nahawu ya miƙo gishiri." Na ce ba zan mayar ba sai ya rantse ba zai yanke ba. Ya ce ba ya rantsuwa a kan kayansa. Inna tana jin komai ta bango, har makonni suka shuɗe. Wata Juma'a bayan la'asar ta aiko Rabi ta kira mu.

"Haruna, ɗauko abin da ka ɗauka. Sale, kafa injinka."

Yaya ya ce, "Inna, rana ce, ba za a ga komai ba. Bari in rufe taga."

"Rufe wa wa? Kafa."

Aka kafa. Hoton ya fito a bango fari fat kamar an wanke shi, ba wanda ya damu. Inna ta zauna a kan darduma, ta karkata kunne wajen lasifika. Jirgi ya yi usur, ƙafafunsa suka yi nisa suka ɓace. Ɗakin ya rage daga kukan injin sai wani siririn huci daga lasifika. Can sai ta tambaya, ni na amsa mata.

"Tana nan tsaye?"

"Tana nan, Inna."

"Ba ta juyo ba?"

"Ba ta juyo ba."

Sai ta fara magana, ba da ni ba, ba da Yaya ba.

"Ranar da muka taso da ubanku za mu zo Makka, uwata ta rako ni tashar Malam Maduri. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba, don an ce shekara biyu mu dawo. Jirgi ya ja, na leƙa, hayaƙi ya rufe ta. Ni ce na tafi. Ban taɓa sanin abin da mai tsayawa yake yi ba in jirgi ya ɓace, sai da Bamisiren nan ya nuna mini. Ashe tsayawa ake yi. Ashe ana daɗewa."

Da fim ya ƙare ta shafa fuskarta ta ce, "Na ji. Haruna, kayan yayanka ne, bar masa." Ba ta ce kada a yanke ba. Ba ta roƙon 'ya'yanta, ba ta kuma zaci akwai buƙatar roƙo ba. Ni ma ban zata ba, domin na ga Yaya yana goge ido da gefen hularsa, ya ce ƙurar injin ce.

Washegari da zan fita makaranta na tarar da guntun fim a naɗe a cikin takalmina. Na ɗaga shi sama wajen haske: bayan mace, bayan mace, bayan mace, har ƙarshe. Na shiga ɗakinsa ko sallama ban yi ba.

"Ka ji abin da ta ce jiya, ko ba ka ji ba?"

"Na ji. Ta ji nata, ta gama. Ni yara zan ciyar, kuma yanzu sai ƙananan gidaje, su ko haƙurin manyan ba su da shi. Ga shirunka nan na ba ka kyauta, ka kai aji ka yi masa i'irabi irin naku na nahawu."

Wannan ne abin da har yau in na tuna sai jinina ya hau. Da bai ji maganar Inna ba, da na ce jahilci ne, jahilci kuwa aikina ne, na saba da shi. Amma ya ji, ya gane, har ya yi hawaye, ya kwana, ya tashi ya ɗauki almakashi. Kafin wata ya ƙare na kama ɗaki a Jarwal na bar gidan. Ina zuwa gaida Inna in na san ya fita. Tsakanina da shi sai gaisuwar Idi da ta makabarta.

Bayan hajjin da ya biyo, Inna ta sake cewa a kafa mata tasha. Ba na nan, Rabi ce ta gaya mini daga baya. Jirgi ya yi usur, nan take keken ɗinki ya tashi. Inna ta jira kaɗan, sannan ta ce, "An tashe ta da wuri." Ba ta sake neman fim ɗin ba, kuma ba ta kai wani hajjin ba. Wasu a dangi suna cewa ai guntun yana hannuna, me ya hana in kai? Ina nan Jarwal, tafiyar da yaro yake yi da ƙafa kafin shayi ya huce. Ba wanda ya aiko. Mai gam da inji shi ya san ranar da za a kafa, ni ban sani ba. Guntun kuwa na ajiye shi a gwangwanin alewa a saman kabad, zafin Makka ya dafa shi ya zama dunƙule mai warin tsami, mahaifiyarku ta zubar da shi a wata ƙaura da muka yi, kuma ban ga laifinta ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da watakila na tafi da ita kabari. Amma bara Jumana, jikar Yaya Sale, wadda take karatun shirya fim a Jidda, ta zo gaishe ni. Yarinya ce mai kai, Hausarta dai sai an tallafa mata da Larabci. Sidi take ce mana ni da Yaya, wato kaka a Larabcin Makka.

"Sidi Ustaz, an ce kai ka san tsofaffin fina-finai. Duba wannan, malaminmu ya nuna mana."

"Amaryata, in dai mai kala ne ki rufe, idona ba ya son hayaniya."

Ta kunna a waya. Tun daga takun takalmi a lungu na gane shi. Ta ja da yatsa zuwa ƙarshe.

"Ka ga nan? Usur, sai keke, kai tsaye. Ba ya ba ka lokacin kuka. Malaminmu ya ce wannan yankan shi ne sa hannun mutumin, ya riga zamaninsa. Duk ajinmu muna kwaikwayonsa, ni ma haka na rufe nawa fim ɗin."

Na ce ta mayar baya. Tsakanin usur da keke akwai wani ɗan farin tabo da yake walƙiya ya wuce. Gam ne. Yaya kullum yana cika gam. Ashe da bidiyo ya zo ya kashe majigi, Yaya ya sallamar da gwangwanayensa ga wani mai tara tsofaffin kaya a Jidda, kuma da alama ba a sami wani kwafin ba sai nasa. Wato mutumin da ya fi kowa sanin darajar shiru a zamaninsa, yau ana yabonsa a kan ba ya ɓata lokaci. Ana koyar da almakashin Hindawiyya a aji mai na'urar sanyi, ana rubuta shi a jarrabawa.

Na gaya wa Jumana komai. Ta saurara da ladabin da ake saurarar tsoho in ana zaton ya fara haɗa mafarki da jiya. Ta ce, "To mu je wajen Sidi Sale ya faɗa da bakinsa." Na shiga motarta, karo na farko da zan taka ɗakinsa ba don mutuwa ba. Mun same shi a kan kujera, ƙafafu a kumbure, yana kallon ƙwallo. Da ta gama bayani ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ashe ni ne darakta! Kin ji ko, Jumana? Shi ya karanta littattafai, ni ake karantawa. Ya Ustaz, duk shekarun da ka yi kana cin alli, wa ya taɓa kwaikwayonka?"

"Sidi, da gaske kai ka yanke?"

"Da hannun nan."

"To me ke cikin wurin?"

Dariyar ta tsaya. Ya mayar da idonsa kan ƙwallo, har na ɗauka zai faɗa. Sai ya ɗaga kafaɗa.

"Ba komai. Mace ce a tsaye."

Rabi tana shigowa da shayi ina fita. Jumana ta biyo ni har bakin titi, tasi suna ta ham, masu shago suna sauke kaya. Ta riƙe hannun rigata.

"Sidi, ba na so in kai wa malaminmu ba komai. Nuna mini yadda ta tsaya."

Na dube ta, na ga ba wasa take yi ba. Sai na miƙa mata sandata, na juya mata baya, na fuskanci inda titin ya karya kwana, na sauke kafaɗuna yadda na gani, na tsaya. Na ji ta ɗaga waya. Wani mai tasi ya leƙo ya ce, "Ya Hajji, matsa ko ka hau!" Ban matsa ba. Na ci gaba da tsayuwa, don na san tsawon wurin a jikina kuma bai kai ba tukuna. Kwafin da ya rage a duniya ke nan: tsohon malamin nahawu mai ciwon gwiwa a gefen titin Hindawiyya, kuma shi ma ba a wuri mai sanyi aka ajiye shi ba.